Risibar Sauti Ta Falo: Abin Dubawa Yana Bayan Akwati, Ba A Jikin Kwali Ba

Duk wanda ya taɓa raka aboki sayen kayan kallo ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin aure ya san yadda cinikin yake tafiya. An gama da talabijin, an ɗauki mai inci 55, sai a juyo kan sauti. Mai shago ya haɗa wayarsa ta Bluetooth, ya saki waƙar da ta fi kowace ƙarfin duka, ya murɗa har gilashin shagon ya fara rawa, sannan ya nuna jikin kwali da yatsa: wat 3,000. Ango ya gyaɗa kai, a ɗaure kaya a sa a Adaidaita Sahu. Bayan wata guda kuma ga shi a falo ana kallon fim, ƙarar harbi na neman tayar da maƙwabta, amma abin da jarumai ke faɗa ba ya fita. A ƙara murya, a rage, a sake ƙarawa. Rimot ba ya barin hannu har fim ya ƙare.

Irin wannan takaicin ne yake sa wasu matasa su fara tambayar na'urar da ake rubuta wa AV Receiver a kwali. Sunan yana rikita mutane, domin a Kano ko Kaduna idan aka ce risiba, tunanin kowa yana tafiya ne kan ɗan akwatin da ke kamo tashoshin dish. Wannan daban. Risibar sauti ƙatuwa ce mai nauyi, wata takan kai kilo 10, kuma ita ce mahaɗar komai a falo. Dikoda, PlayStation, kwamfuta, akwatin Android, duk a bayanta ake soka su. Ita kuma ta miƙa hoto ga talabijin, ta warware sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta raba wa kowace sifika rabonta.

Bambancinta da saitin nan da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata shi ne ita ba ta zuwa da sifika ko ɗaya. Mutum ne zai zaɓo nasa. Nan daɗinta yake, nan kuma ake asarar kuɗi, saboda yawancin masu saye suna zuba duk abin da suka tara a kan akwatin, su dawo suna neman sifikoki da canjin da ya rage. Alhali sifika da ɗakin da aka ajiye ta su ne suke yanke yadda sauti zai fita. Sifika mai kyau tana iya shekara 20 tana aiki. Risiba kuwa tana tsufa duk lokacin da aka sauya tsarin HDMI, kuma a ƙasar nan wuta tana iya kashe ta a rana ɗaya.

Wuta tukuna

Sabuwar risiba daga Denon, Yamaha, Marantz, Onkyo, Pioneer ko Sony da dala ake lissafa kuɗinta, shi ya sa da yawa suke komawa kan ta hannu. Ana shigo da su a kwantena daga Amurka da Turai, su sauka kasuwar Alaba a Legas, daga nan su watsu zuwa shaguna da shafukan Jiji da Facebook. Akwai kaya masu kyau a ciki sosai. Amma akwai tarko guda da ya fi kama 'yan zamanin waya.

Cajar waya da ta laftof an yi su ne su karɓi kowace wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka wanda ya tashi da su bai saba duba komai ba kafin ya soka a soket. Risiba ba haka take ba. Yawancinsu suna ɗauke da ƙatuwar taransifoma ta ƙarfe, ita ce ma take ba akwatin nauyi, kuma don wuta iri ɗaya aka naɗe ta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, haka ta Ingila da Jamus. Ta Amurka da Kanada 120, ta Japan 100. Idan aka soka 'yar Amurka kai tsaye a bango, mai sa'a fiyus kawai zai rasa. Marar sa'a zai ji ƙauri.

Kan filogi ba shaida ba ne, domin ana yanke na asali a ɗaura mai ƙafa uku kafin kaya ya iso shago. Shaidar tana bayan akwati, kusa da inda igiyar wuta ta fito, inda aka buga 120V 60Hz ko 230V 50Hz. 'Yar 120 tana aiki idan aka haɗa ta da taransifomar rage wuta, wadda masu gyara ke kira sitefdawun, amma sai mai ƙarfin da ya zarce abin da risibar ke ja da tazara mai kyau, kamar ninki biyu. Kuma sai an yi wa filogin alama, don ranar da ƙanwar amarya za ta zo share falo ta zare ta mayar a bango tana nan tafe. Idan farashin bai yi nisa ba, 'yar 230 ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Bayan wannan sai irin wutar da ke gidan. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi. Inbata mai arha, wadda ba a rubuta Pure Sine Wave a jikinta ba, tana fitar da wuta mai gargada da ke sa taransifomar risiba gurnani da ɗaukar zafi. Mai sola kuma ya yi lissafi: risiba ko shiru take tana cin nata, a tara da talabijin da wufa, a ga ko batir zai kai ƙarshen fim. Sitabilaiza mai jinkirta kunnawa idan an dawo da wuta ba ado ba ce. A damina akwai wata hanyar da ba a cika tunawa da ita ba: tsawa ta biyo wayar dish, ta shiga dikoda, ta bi igiyar HDMI ta ƙone allon risiba, alhali soket a kashe yake.

Sai zafi. Risiba tana numfashi ne ta ramukan samanta. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, wanda ya cusa ta cikin durowa mai murfin gilashi, ya ɗora dikoda a kanta, ya yafa mata ƙyalle saboda ƙura, zai ga tana ɗaukewa a tsakiyar kallo. Kare kanta take yi, amma idan abin ya yawaita ranar lalacewar na zuwa. Tana son fili a sama da gefe, ko da taƙi ɗaya ne.

Wat nawa ne na gaskiya?

Adadin wat shi ne abin da aka fi wasa da hankalin mutane da shi a kasuwar sauti. Wat 3,000 ɗin da ke kwalin ango, idan aka duba da kyau za a ga PMPO a gefensa, ma'aunin da ba shi da wata ƙa'ida, kowane kamfani yana lissafa shi yadda ya ga dama. Manyan kamfanoni ba sa amfani da shi, amma su ma suna da tasu dabarar. Denon AVR-X1700H, wadda ta fito a 2021, ana tallata ta a Turai da wat 145 a kowane layi. A takardar bayananta kuma akwai wani adadin, wat 80. Duka biyun gaskiya ne. Na farko an auna shi da sifika ɗaya tal tana aiki, a kan om 6, da sauti guda. Na biyu an auna da sifika biyu a tare, a kan om 8, daga mafi kaurin sauti zuwa mafi siriri, wato 20Hz zuwa 20kHz, kafin sautin ya fara dagulewa. Na biyun shi ne abin kwatanta risiba da risiba.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar takarda. Na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Idan an rubuta a baya cewa tana jan wat 300 daga bango, kwali kuma yana cewa 3,000, lissafin ya gama magana.

Ƙari a kan haka, kunne ba ya jin wat yadda ido ke ganinsa a rubuce. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninku sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Tsakanin risiba mai wat 80 da mai 100 bai wuce desibel 1 ba, don haka wanda ya ƙara maƙudan kuɗi don wannan ashirin ɗin kaɗai, iska ya saya. Sifika ce ke da babban tasiri a nan: wadda aka rubuta mata 90dB tana ba da ƙarar da mai 87dB ba za ta bayar ba sai an ninka mata wat. A falo mai mita 4 da 5, wat 70 zuwa 80 na gaskiya sun isa su sa mai gidan haya ya aiko a rage.

Masu tsohon saitin hom tiyata da injinsa ya mutu sukan yi tunanin sayen risiba su ci gaba da sifikokin. A duba bayansu tukuna. Da yawa om 3 ko 4 ne, alhali ƙananan risibobi sun fi sakewa da om 6 zuwa 8. Idan om ya yi ƙasa, sifika tana zuƙar wuta fiye da abin da aka tanada, risiba ta yi zafi ta ɗauke. Wufar irin wannan saitin kuma yawanci ba ta da amfilifayar kanta, risiba kuwa sigina kawai take ba wufa ta igiya ɗaya. Dole wufar ta zama mai igiyar wutarta daban.

5.1, 7.2, 5.1.2, da abin da ake kallo a gidan

Lambobin nan ba su da wuya. Ta farko yawan sifikokin da ke daidai kunne, ta biyu yawan wufa, ta uku idan akwai ita ce sifikokin sama. Tsarin 5.1 daga silima ya taho: Dolby Digital ya fito da fim ɗin Batman Returns a 1992, DTS ya biyo da Jurassic Park a 1993. Hagu, dama, tsakiya, biyu a gefen mai kallo ɗan baya kaɗan, sai wufa. Dolby Atmos, mai ƙara sauti daga sama, ya zo a 2012, ya shigo gidaje a 2014. Risiba mai layi bakwai tana iya 7.1 ko 5.1.2, ɗaya daga ciki, ba duka a lokaci guda ba.

A cikinsu duka, sifikar tsakiya ce maganin ciwon ango. Kusan duk maganar 'yan wasa ta nan ake turo ta, kuma risiba tana ba da damar a ƙara mata murya ita kaɗai ba tare da an taɓa ƙarar harbi ba. A saitin kwali ita ce aka fi yi wa rowa, 'yar mitsitsiya kamar gwangwanin madara.

Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa tsakani da Allah ita ce: me ake kallo a gidan? Idan yawancinsa YouTube ne, Labarina da sauran finafinan Kannywood masu dogon zango, da fassarar finafinan Indiya, da 'yan ƙananan fayil ɗin da ake turawa a waya a shagon caji, to kusan duka layi biyu ne a cikinsu, hagu da dama. Babu Atmos ɗin da risiba za ta tono daga inda ba a saka shi ba. Abin da za ta iya shi ne ta raba layi biyun da dabara, ta hanyar Dolby Surround ko DTS Neural:X, ko Pro Logic II a tsofaffi, ta ware murya ta kai tsakiya. Wannan yana da amfani ƙwarai, amma ba ya buƙatar akwati mai layi tara. Atmos na gaske yana wurare irin su Netflix a tsarinsu mafi tsada, da faifan Blu-ray, da wasu wasannin Xbox da PlayStation 5. Netflix da kansu sun ce kallon 4K yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya. Mai sayen data ta wata-wata ya san abin da hakan ke nufi.

Don haka ga yawancin faluka, abin da ya fi shi ne a sayi risiba mai layi biyar ko bakwai, a fara da sifika uku masu kyau a gaba da wufa ɗaya, na gefe su biyo baya idan aljihu ya farfaɗo. Uku nagari sun fi bakwai na roba. Kujerun da aka jera a jikin bango ma ba sa barin wurin sifikar baya, don haka 7.1 a irin wannan falon ɓarnar kuɗi ce. Mai gini kuwa, kafin a rufe POP ya sa a bi da fayif da waya zuwa gefe da sama, ko da ba yanzu zai saka ba. A lokacin kuɗinsa kaɗan ne.

Ramukan HDMI

A nan ake gane shekarun risiba, a nan kuma mai sayen ta hannu ke shan mamaki. Wadda aka saya da tsada a 2010, sautinta har gobe yana da kyau, amma ba ta san 4K ba. Idan aka bi da PlayStation ta cikinta, hoton zai sauko zuwa 1080p ko allo ya yi baƙi. Don 4K ya wuce lafiya sai an ga HDCP 2.2 a jikin ramukan ko a takarda, abin da ya fara yawaita daga wajen 2015.

Hakan ba ya nufin tsohuwa ta zama shara. Ana iya juya haɗin: a soka komai a talabijin, shi kuma ya dawo da sauti kawai zuwa risiba. Igiyar optikal, mai ɗan jan haske a baki, tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, ba ta wuce nan. ARC, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009, yana dawo da sauti ta igiyar HDMI ɗin da ta kai hoto, kuma da shi rimot ɗin talabijin yake iya ƙara muryar risiba, abin da ke kawo zaman lafiya a gida fiye da yadda ake zato. Sai eARC, na zamanin HDMI 2.1 da aka fitar a 2017, mai faɗin da ke ɗaukar komai har Dolby TrueHD. Tunda yanzu Netflix da YouTube a cikin talabijin suke, ba a wani akwati ba, samun ARC ko eARC ya fi yawan ramuka amfani. Dole ɓangarorin biyu su kasance da shi, kuma a talabijin rami ɗaya ne kawai ake rubuta masa.

Masu wasa da ke son 4K a 120Hz su ne ke da dalilin nacewa sai HDMI 2.1. Su ma su yi hattara da 'yan farko-farko. Wasu risibobin Denon da Marantz da Yamaha na 2020 sun fito da matsala, inda allo ke yin baƙi idan aka haɗa Xbox Series X a wannan tsarin. Kamfanonin sun gyara wa waɗanda suka nema, amma wadda ta biyo kwantena ba lallai gyaran ya biyo ta ba.

Idan kiɗa ne a gaba

Wanda ya fi sauraro a kan kallo lissafinsa daban ne. Kusan duk waƙar da ke Audiomack, Boomplay, Spotify ko cikin memorin waya layi biyu ce. Risiba mai layi bakwai ta raba kuɗin da aka biya a kan amfilifaya bakwai, allon HDMI, da lasisin Dolby da DTS. Amfilifayar sitiriyo mai farashi ɗaya ta zuba shi a kan biyu. Masoya kiɗa sukan zuzuta wannan bambancin fiye da kima, domin a muryar da ake saurare a falo ba kowane kunne zai raba su ba. Amma wanda ya san har abada ba zai ja waya zuwa bayan kujera ba, babu dalilin ya biya kuɗin layi biyar da za su zauna a banza suna cin wuta.

Yanzu ma an samu 'yan tsakiya, wato sitiriyo masu ramin HDMI, irin su Denon DRA-900H, Marantz Stereo 70s, Yamaha R-N1000A, da ƙaramar WiiM Amp mai wat 60 a kowane gefe, wadda ba ta kai kwalin takalmi ba kuma ba ta cin wuta kamar manya. Sifika biyu nagari da wufa a kan irin wannan sun wadatar har a fim. Abin da aka rasa shi ne sifikar tsakiya. Wanda ke zaune daidai tsakiya ba zai ji rashin ba, na kujerar gefe ne zai ji muryar ta karkata.

Yadda waya ke magana da risiba shi ma abin dubawa ne. Bluetooth ya fi sauƙi, amma yana matse sauti: faifan CD yana gudana a kilobit 1,411 a daƙiƙa, tsarin SBC da kowace waya ke da shi bai cika wuce 328 ba. Ga waƙar MP3 da ta sha turawa a WhatsApp wannan ba wata asara ba ce, dama can a matse take. Babbar matsalar Bluetooth ta zaman falo ce. Duk abin da wayar ta furta kowa zai ji: ƙarar shigowar saƙo, bidiyon TikTok, da saƙon muryar da aka danna bisa kuskure a gaban surukai. Ta Wi-Fi kuwa, da Spotify Connect, ko HEOS na Denon da Marantz, ko MusicCast na Yamaha, risibar ce da kanta take jawo waƙar daga intanet, waya ta zama rimot kawai, ana amsa kira kiɗa na tafiya. Sai dai yana son rawuta ko MiFi a gida. Tsohuwar risiba da ba ta da ko ɗaya ba a yar da ita don wannan, ɗan akwatin Bluetooth mai arha da ake sokawa a ramin ja da fari ya isa.

Kada kuma a sa rai kaya masu tsada su gyara tsohon ɗauka. Waƙar Shata da aka kwafo daga kaset zuwa kaset kafin ta zama MP3, sifika mai kyau za ta fito da muryarsa da kalangu sarai, ta fito da shuuu ɗin kaset ɗin ma sarai.

Falon da kansa

Tayil a ƙasa, siminti a bango, POP a sama, teburin gilashi a tsakiya: falon zamani kamar an gina shi ne don sauti ya yi ta karo yana dawowa. A tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki. Idan aka ji wata 'yar ƙara ta biyo baya, ita ce ke cinye maganar fim. Babban kafet tsakanin kujera da sifika, da labule mai kauri, suna yin aikin da ƙarin wat 50 ba zai yi ba.

Risibobin zamani suna zuwa da ɗan makirfo don auna ɗaki. Denon da Marantz suna kiran tsarinsu Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ, wasu manya kuma suna da Dirac Live. Ana ajiye makirfon daidai inda kan mai kallo yake, risiba ta yi ta fitar da ƙara daga kowace sifika, ta lissafa nisa da ƙarfin kowacce ta daidaita. Yana son shiru na gaske: a kashe fanka, kuma ba lokacin da janaretan maƙwabci ke ruri ba. Bayan ta gama a leƙa abin da ta zaɓa. Sau da yawa takan ɗauki sifikokin gaba a matsayin manya. Gara a mayar da su Small a sa iyaka a 80Hz, yadda duk abin da ya yi ƙasa da haka zai tafi wufa. Sifika ta huta, risiba ta huta, murya ta washe.

Wufa kuma ba ta san katanga ba. Sautin da ke da daɗi a falo, a ɗakin maƙwabci dukan bango ne kawai. Kusan kowace risiba tana da tsarin dare, Dynamic Volume a Denon da Marantz, Adaptive DRC a Yamaha, wanda ke ɗaga magana ya danne fashewa. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya wannan ya fi Atmos amfani.

Ranar ciniki

Ta hannu ba ta da garanti, sabuwar da aka yo oda daga waje ma garantinta yawanci yana can ƙasar da aka saye ta. Masu gyara suna iya canza fiyus ko taransista, amma allon HDMI idan ya tafi, samun wani sai an dace. Shi ya sa ba a sayen risiba a hoto. A je da waya, da laftof mai fim, da igiyar HDMI, a nemi mai shago ya kawo talabijin da sifika ko da ɗaya ce.

A fara da bayan akwati: bolt nawa. A kunna, a saurari ɗan ƙas ɗin da take yi bayan 'yan daƙiƙu. Idan babu shi, ko ta ɗauke tana ƙifta jar fitila, a bar ta. A shiga saiti a kunna sautin gwaji, a riƙa matsar da sifikar daga layi zuwa layi har kowanne ya yi magana, ana kashe risibar kafin kowane canji, ana kuma lura kada silin waya ya taɓa na kusa da shi. A gwada ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya, ba na farko kaɗai ba, sannan ARC da talabijin. A bar ta tana aiki aƙalla rabin awa, saboda allo mai ciwo yakan yi lafiya da sanyi, sai ya ɗumama hoto ya fara ɗaukewa. A shinshina ramukan sama, a haska fitilar waya a ga ko an taɓa ƙonewa ko an yi ɗori. Mai shagon da ya ce sauri yake, ba zai jira rabin awa ba, akwai wani shagon a gaba.

Sai rimot da makirfo, waɗanda suka fi komai ɓacewa a kwantena. Rimot ana samun madadinsa, masu Wi-Fi ma manhajar waya tana tuƙa su. Makirfo kuwa kowane kamfani da nasa, na Yamaha ba ya yi wa Denon awo daidai, kuma nemansa daban wahala ce. Idan babu shi a kwali, a rage kuɗinsa daga ciniki tun a nan, a koma gida da tef ɗin awo a shigar da nisan kowace sifika da hannu.